BURTSATSE BIYAR, BIYU KE AIKI: MAGANAR RUWA DA BOLA A ƘAUYUKANMU

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku daure ku karanta har ƙarshe, musamman ku 'yan uwana ma'aikata da muka tashi a ƙauye, aiki ya kawo mu birni muka zauna.

Juma'ar da ta wuce na je gida ta'aziyya. Jikar maƙwabcinmu ce ta rasu, yarinya 'yar shekara huɗu. Da asuba amai da gudawa suka kama ta, kafin azahar jiki ya saki, aka ɗora ta a babur za a kai ta asibitin hedikwatar ƙaramar hukuma, a hanya rai ya yi halinsa. A satin kaɗai, gida uku ne a unguwarmu aka kwantar musu da yara. Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce, ya ba iyayenta haƙuri.

A wurin zaman makoki maganar kowa ɗaya ce: gwamnati ta manta da mu, a taimaka a haƙa mana burtsatse. Da yake ni ne "ɗan gwamnati" a wurin, sai ido ya dawo kaina. Ban ce uffan ba. Bayan la'asar na ja ƙanena muka zaga gari da ƙafa, na ce ya nuna min duk inda aka taɓa haƙa ruwa.

Wallahi burtsatse biyar muka ƙirga. Ɗaya ƙaramar hukuma ce ta yi tun ina sakandare. Ɗaya wata ƙungiyar agaji. Biyu aikin mazaɓa ne na 'yan majalisa, har yanzu allunansu na nan tsaye da hotuna, fenti bai gama goguwa ba. Ta biyar wani bawan Allah ne ya yi wa mahaifinsa sadaka. A cikin biyar ɗin, biyu ke ba da ruwa. Ɗaya robar cikinta ce ta cinye. Ɗaya ƙarfen ya tsinke ya faɗa ciki. Mai sola kuwa injinta ya ƙone, da aka ga ta daina aiki sai ɓata-gari suka bi dare suka kwance farantan. Na tambayi mai gyaran da ke zuwa daga garin da ke kusa da mu nawa za a kashe a kan mai robar nan. Abin da ya faɗa min bai kai kuɗin tunkiya ba. Shekararta uku a mace.

To tunda famfo biyu ne ga gari guda, layi yakan kai tun asuba har hantsi. Matar da ke da girki da yara ba za ta iya wannan jira ba, sai ta aiki yaro tsohuwar rijiyar bakin kasuwa. Na je na tsaya a bakin rijiyar. Babu murfi. Simintin bakinta ya tsattsage. Kowa da gugansa, in ya gama ya yar da igiya a cikin caɓi, gobe ya sake zura ta. Na taka daga rijiyar zuwa masai mafi kusa, taku goma sha biyu. A samanta ta wajen tudu kuma ga jujin unguwa, duk ruwan saman da ya wanko shi ta gefen rijiyar yake bi. Gidan su marigayiyar nan suke ɗiba.

Daga nan na gane cewa ko gobe aka haƙa mana ta shida, nan da shekara biyu labarin ɗaya ne. Ruwan ƙauyenmu marar uba ne. An haifa an yar, babu wanda za ka nuna ka ce wane, kai ne za a tambaya in famfon nan ya tsaya. Haka bolar ma, ta kowa ce wajen zubarwa, ba ta kowa ba ce wajen kwashewa. Kuma su biyun a haɗe suke, abin da ka zubar a bayan gida da rani shi za ka sha a randa da damina.

Bari in fara da namu laifin, mu ma'aikata, kafin wani ya ce ina kare gwamnati. Shekara kusan ashirin ina aiki, na ga kasafin kuɗi iri-iri. "Haƙa sababbin rijiyoyin burtsatse" kullum yana da layinsa, da adadi mai kauri. Layin gyara kuwa in ma an saka shi, ɗan tsurut ne, kuma shi ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sabuwar burtsatse tana da kwangila, tana da bikin buɗewa, tana da allo mai hoton Yallaɓai. Canjin roba ba shi da ko ɗaya. Wa zai kira 'yan jarida ya ce ku zo ku ga na canja roba? Mu da muke rubuta takardun mun san haka, muna sa hannu muna wucewa. Ni ma ban wanke kaina ba.

Sai laifin mutanen gari. Da na yi wa Gwaggo maganar famfon da ke ƙofar gidanta, cewa ta yi, "Kai ɗan nan, kayan gwamnati ne fa. Su da suka kawo abinsu ai sai su zo su gyara." Na ce, "Gwaggo, rijiyar gidan Kaka wa yake yashe ta a da?" Ta yi dariya ta ce ai wannan tamu ce. Kun ji inda gizo ke saƙar. Lokacin da muke yara, duk rani sai an yi gayya an yashe rijiya, an ɗaure bakinta, dattijo guda yana zaune yana korar yaran da ke wasa a wurin. Babu wanda ya ba su kwangila. Ranar da ruwa ya zama "na gwamnati" ranar muka sakar masa hannu.

Maganar shara kuma, ku tuna yadda take a da. Sharar gidanmu toka ce, da kashin dabbobi, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa. Juji dukiya ne. Kafin faɗuwar damina za ka ga jakuna da mangala suna jigilar taki zuwa gona, har rigima ake yi a kan wa ke da jujin wane lungu. A ƙasar Kano har daga cikin birni ake ɗauko shi a kai gonakin karkara. Yanzu je ka tona juji ka gani. Leda baƙa, ledar fiya wata, famfas ɗin yara, matattun batura, robobin maganin feshi, wani lokaci har da sirinji daga kemis ɗin gari. Manomi ba ya so a kai masa wannan gona, don leda ba ta ruɓewa, sai jujin ya zauna yana girma shekara da shekaru. Akuya ta ci leda, ciki ya kumbura ta rame, sai an yanka a ga ƙunshin leda a tumbi, mahauta shaida ne. Ledar ta toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. In an gaji aka cinna wa jujin wuta, hayaƙin roba ya cika ɗakuna. Abin da ya fi tayar min da hankali, na ga yaro da idona yana shan ruwa a robar maganin feshi, wai an wanke ta. Sharar ta canja, mu kuwa muna nan da tsarin zamanin kakanni, shi ma rabinsa mun watsar.

Birane suna da hukumomin kwashe shara, ko da aikin nasu na tafiya da ɗingishi. Ƙauye babu motar da za ta zo, kuma kada mu yaudari kanmu cewa tana hanya. Alhali a tsarin mulkin 1999, cikin Jadawali na Huɗu, kwashe shara da samar da banɗakunan jama'a suna cikin ayyukan da aka rubuta wa ƙaramar hukuma ƙarara. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka tambayar da ya kamata kansila da ciyaman su riƙa sha daga bakinmu ita ce: ina duba-gari? Iyayenmu suna ba da labarin yadda ake rawar jiki in an ce duba-gari ya shigo, har randa yake leƙawa. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan a sakatariya har gobe, amma wanda ba shi da babur ba shi da mai, ta yaya zai zaga ƙauye talatin?

Wanda yake ganin ina zuzuta abin, ya tuna 2021. A shekarar, alƙaluman hukumar NCDC sun nuna sama da mutum 110,000 ne ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu. Jihohin da ke kan gaba su ne Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara. Mu ne dai. Kuma hanyar cutar guda ce, bayan gidan mai ɗauke da ita ya samu hanyar shiga ruwa ko abincin wani. Ba iska ba ce, ba jifa ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangonmu kuwa a bakin rijiya ya tsage.

Ba a rasa sanarwa ba daga sama. A Nuwamban 2018 Shugaba Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta. A 2019 ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 009, aka sa 2025 a matsayin wa'adin daina bahaya a fili a duk faɗin ƙasa. Kowa ya leƙa bayan garinsu ya ba kansa amsa. Amma a yaba wa wanda ya yi ƙoƙari: a 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da dukkan ƙananan hukumominta 27 suka kai wannan matsayi. Jigawa ba ta fi sauran jihohinmu kuɗi ba. Aikin gida-gida aka yi, da masu unguwanni da dagatai da hakimai a ciki, kowane magidanci ya haƙa masai a gidansa.

Ga wani misalin da 'yan shekara arba'in zuwa sama ba za su manta ba: kurkunu. Muna firamare akwai 'yan ajinmu da ke ɓacewa wata biyu, suna kwance ana naɗe tsutsa a tsinke. Lokacin noma ya zo, magidanci na kwance da ƙafa a kumbure. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu cutar sama da 650,000 a Najeriya. Mutum na ƙarshe da aka samu da ita a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da ita. Cutar nan ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar da ke kashe ta. Da me aka ci ƙarfinta? Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da rijiyoyi masu tsafta, da 'yan sa-kai a kowane ƙauye da ke riƙe da littafi suna kai rahoto. Cibiyar Carter ta taimaka, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka a kan lamarin, amma matan karkara ne suka riƙa tace ruwan nan kullum safiya. Mutanen da suka kori kurkunu ne za a ce ba za su iya riƙe famfon tuƙa-tuƙa ba? Haba jama'a.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa min a gaban idona: "Malam, mutanen da ke neman na masara za ka ce su yi karo-karon ruwa? Ruwa ai haƙƙinsu ne a kan gwamnati." Gaskiya ne haƙƙinsu ne, kuma ban ce a yafe wa gwamnati ba. Haƙa rijiya, sayen injin sola, babban gyara, gwajin ingancin ruwa, duk nauyin hukuma ne, a ci gaba da matsa mata. Sai dai a yi lissafi. Talakan nan yana biya tun yanzu. Yana biyan ɗan garuwa. Yana biyan ƙarin ruwa a kemis in yaro ya kwanta. Yana biyan kuɗin babur zuwa asibiti, ya bar gona kwana uku ana tsakiyar noma. 'Yarsa tana rasa darasin safe tana layin famfo. Wani kuma, kamar maƙwabcinmu, ya biya da abin da ba a mayarwa. In aka haɗa wannan duka, abin da gida zai ajiye duk wata don roba da man giris bai kai komai ba. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da tiya ɗaya ta gero da kaka. Gajiyayyu da zawarawa masu marayu a ɗauke musu, gari ya san su.

Abin da nake ganin kowane ƙauye zai iya yi ba tare da jiran kowa ba shi ne wannan.

Na farko, kowane famfo a ba shi masu shi. Kwamitin mutum biyar ko bakwai, da sunansu a rubuce a gidan mai unguwa. A sa mata a ciki, kuma in son samu ne mace ta riƙe asusu, don su ne suka san zafin rashin ruwa, su ne kuma suka iya riƙon adashi. Duk wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a. Kuɗin da ba a karanta lissafinsa, wata uku ya isa mutane su daina bayarwa.

Na biyu, a koya wa matasa biyu gyara. Famfo irin Afridev da ake kafawa a ƙauyuka da yawa an ƙera shi ne musamman don mutanen gari su iya zaro ƙarafansa su canja roba da kansu, ba sai an kira injiniya daga birni ba. Hukumomin ruwan karkara na jihohi, waɗanda ake kira RUWASSA, suna da masu koyar da wannan. A je a ƙwanƙwasa musu ƙofa da takarda, a sake komawa. Kuma a sayi robar a ajiye tun famfo na da lafiya.

Na uku, a auna tazara. Masana tsafta suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai ko juji da rijiya, wato kamar dogon taku arba'in, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Inda rijiya ta riga ta matsu da gidaje, a ɗaure bakinta da siminti, a yi mata murfi, a yi magudanar da za ta janye ruwan da ke zuba, a rataye guga ɗaya na kowa da kowa wanda ba ya taɓa ƙasa. Dabbobi a yi musu kwami can gefe.

Na huɗu, a raba shara tun daga tsakar gida. Mai ruɓewa ta tafi ramin taki, ta koma gona kamar da, ga shi takin zamani ya yi tsada. Ƙarfe da gwangwani da roba mai kauri a tara wa 'yan gwangwan, kuɗi ne. Leda da famfas a ware musu rami guda a bayan gari, nesa da ruwa, ana rufewa da ƙasa. Robar maganin feshi a huda ta don kada wani ya sake zuba ruwa a ciki. Ranar kasuwa kuma, sarkin kasuwa ya sa a share kafin a watse, daga cikin kuɗin da ake karɓa a hannun masu rumfa.

Na biyar, randa. Ruwa yakan fito da tsafta daga famfo ya lalace a gida. Jarka ba a wankewa, randa a buɗe, moɗa ɗaya kowa ya sha ya mayar, yaro ya zura hannu. A rufe randa, a ware moɗar ɗiba daban da kofin sha. Kuma don Allah a gane, alam da 'ya'yan zogale suna kwantar da laka ne kawai, ruwa ya yi garau a ido amma ƙwayar cuta na nan. Da damina a tafasa na sha, ko a sa sinadarin kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar a jira minti 30.

Sannan kowace uwa ta haddace wannan: in gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, ana shirin tafiya asibiti ana ba shi. In babu na sacet, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, kuma cikin awoyi take yi.

Ga masu hali da ke son yin sadakar ruwa, Allah ya saka da alheri, amma ku zaga tukuna. Kuɗin sabuwar burtsatse ɗaya zai iya tayar da matattu da yawa. Ladan yana wurin ruwan da ya shiga maƙogwaron mai ƙishi, ko da babu allo mai sunanka a wurin. Ku kuma 'yan siyasa, zaɓe na zuwa. Mu dai a garinmu mun yi magana, duk wanda ya zo da alƙawarin sabuwa, za mu kama hannunsa mu kai shi gaban tsofaffin ukun nan.

Kafin in taho na je na gaida Dagaci, na ce, "Ranka ya daɗe, in mu 'yan birni muka kawo kuɗin gyaran farko, gari zai riƙe?" Ya yi shiru, can ya ce in dai za a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a, shi zai fara ba da nasa. Mun tsayar da Asabar ta ƙarshen wata za a yi gayya a kwashe jujin bakin kasuwa, a ɗaure bakin rijiyar. Mu 'yan garin da ke aiki a waje mu goma sha ɗaya ne a zaurenmu na WhatsApp, bakwai sun amsa, huɗu sun karanta sun yi gum. Kun san kanku, ina jiran ku.

Ni ma sai da aka binne yarinya sannan na zaga garin da aka haife ni na ƙirga famfunansa. Wannan abin kunya ne a gare ni, shi ya sa na rubuta. Kai da ke karantawa, famfo nawa ne a ƙauyenku, nawa ke aiki, kuma taku nawa ne tsakanin rijiyarku da juji? In ba ka da amsa, kira gida yau ka tambaya. In kuma garinku kun gwada irin wannan tsari, ya yi ko bai yi ba, ku faɗa mana yadda aka yi mu ƙaru.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya.